Auren Bahaushe da 'yar Sudan a Jidda: yadda za ka yi shi ba tare da cin bashi ba

Duk wanda zai auri 'yar wata ƙasa a nan Saudiyya, abin da zai fi cinye masa kuɗi shi ne ninki. Kai Bahaushe ka taho da lissafin gida a kanka: na-gani-ina-so, gaisuwar iyaye, lefe, kamu, walima. Dangin yarinya kuma, in 'yan Sudan ne irin na matata, suna da nasu jerin: gaulatul khair, shaila, daren lalle, jirtig, karin kumallon ango. Kowane ɓangare na jin nauyin ya ce a bar wani abu, sai a tattara duka biyun a jibga wa mutum ɗaya mai jiran albashin ƙarshen wata. Ni ɗan Zariya ne, ina aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti a Jidda, matata kuwa iyayenta mutanen Wad Madani ne amma nan aka haife ta. Ga yadda muka bi, kuma haka nake faɗa wa duk ƙanin da ya zo mini da maganar.

Ka fara da takarda tun kafin ka sayi ko ɗankwali. A gida in liman ya ɗaura, an raba goro da alawa, magana ta ƙare. A nan aure ya ɗauru a wajen Allah, amma hukuma ba ta san da shi ba sai in ya bi ta hannun ma'azuni mai lasisi, wato malamin da hukuma ta ba izinin ɗaura aure, ko kotun harkokin iyali, kuma yanzu ta Najiz ake shigar da buƙatar, wato dandalin intanet na Ma'aikatar Shari'a. Ku duba iƙamarku, wato katin izinin zaman baƙo, taka da tata da ta waliyyi da ta shaidu biyu, kada a samu wadda ta mutu. Lambar wayar kowa ta zama ita ce a haɗe da Absher ɗinsa, wato asusunsa na intanet a Ma'aikatar Cikin Gida, don saƙon tabbatarwa can yake zuwa. Na san 'yan uwanmu da yawa a unguwannin Makka da Jidda da aka ɗaura musu aure a falo, malami ya yi fatiha, kowa ya watse. Ba a gane illar sai ranar haihuwa, lokacin da aka nemi takardar aure kafin a yi wa jariri rajista.

Wani abu da samari ke ruɗewa a kai: yarinya na iya jin Hausa kamar jakin Kano, sunan gidansu Hausawi ko Fallata ko Barnawi, amma in tana da katin zama 'yar ƙasa, Basa'udiya ce a doka, aurenta da baƙo sai da izinin Ma'aikatar Cikin Gida. Wannan hanya ce daban mai tsawo, ba ita nake bayani ba.

Sai waliyyi. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 iyalai suka tarwatse, uba na Masar, wa na Bur Sudan, uwa da 'ya'ya na nan. In mahaifinta ba ya ƙasar, sai ya rubuto wakilci a hukumance, da hatimin da ake nema, ya ambaci sunan wanda zai ɗaura a madadinsa. Kiran bidiyo ba ya tsayawa a matsayin wannan takarda, kuma ita ce ta fi komai jan lokaci, don haka da ita za a fara. Kai kuma kada ka zauna a gida kana jiran Baffa ya karɓar maka aure yadda muka saba. Kai za ka zauna gaban ma'azuni ka ce ka karɓa da bakinka, ita ma za a tambaye ta ko ta yarda. In Larabcinka bai nuna ba, ka faɗa tun da wuri a nemo tafinta.

Gwajin jini aikina ne, don haka ku yi haƙuri in na ja shi. Saudiyya ta wajabta wa 'yan ƙasarta gwajin sikila da talasimiya kafin aure tun 2004, a 2008 ta ƙara da ƙanjamau da ciwon hanta nau'in B da C. Kano ma ta yi tata dokar a 2024. Ko babu wanda ya tilasta muku, ku je ku yi. Akwai masu tunanin tunda daga nesa ya auro, jini ba zai haɗu ba. Sikila na nan a Sudan, musamman yammacinta, kamar yadda take a wajenmu. In kai AS ne ita ma AS, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS. Ku yi shi kafin iyaye su shiga maganar, lokacin da janyewa ba za ta zubar da mutuncin kowa ba.

Yanzu ga inda aikin yake. Mahaifin yarinya, in ka je masa, zai ce maka: "Ya waladi, mu mutum muke saya, ba kuɗi ba." Gaskiya yake faɗa, amma ba shi ke rubuta jerin shaila ba. Uwa ce da ƙannenta da habboba, wato kaka. Kai kuma bai dace ka zauna kana ciniki da surukarka ba, a al'adarsu da tamu duka. Nemi dattijuwa mai jin harsunan biyu. Ni matar wani malamina ce ta tsaya mini, Bahausar Mai Wurno, garin nan na gaɓar Shuɗin Nilu kusa da Sinnar a Sudan da mutanen Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. Irin waɗannan iyaye mata sun san abin da za a taɓa da wanda ba a taɓawa a kowane ɓangare.

Abin da ta yi shi ne ta jera al'adun biyu gefe da gefe, ta nuna wa kowa cewa yawancinsu abu ɗaya ne da suna biyu. Shaila lefe ce: tufafi, takalma, turare, wani lokaci da kayan abinci. To ba za a yi lefe a kuma yi shaila ba. Akwati ɗaya muka haɗa, aka sa tob, wato lafaya irin tasu, aka sa atamfa da leshi don ranar da za ta je Zariya. Gaulatul khair ita ce gaisuwar iyaye, zama ɗaya ya wadatar, da lemo da dabino. Karin kumallon ango, wanda uwar amarya ke aikawa gidan su ango da manyan farantai, kusan garar mu ce, kuma ya zama abin gasa a wajensu kamar yadda gara ta zama a wajenmu. Muka ce mun yafe. Ka lura da wannan: in kai ka fara yafe abin da za a ba ka, ya fi sauƙi su ma su sassauta abin da za su karɓa. Dilka da humra da turaren jiki kuwa ba sai an yi dogon bayani ba, matan Kano da Maiduguri sun daɗe da saninsu. Wannan kuɗin kada ka yi ƙoƙarin rage shi, ba za ka ci riba ba.

Inda muka bambanta da gaske shi ne kayan ɗaki. Mu iyayen amarya ke yi. A gidan su matata ango ne ke shirya gida tun daga gado har tukunya. Ka tambaya a fili tun farko, kada kowa ya zauna yana jiran kowa. Kayan hannu na biyu a Haraj, wato kasuwar gwanjo, ba abin kunya ba ne ga baƙon da bai san shekara nawa zai yi a ƙasar ba.

Daga nan sai aka ce kowane ɓangare ya zaɓi abu guda da ba zai iya bari ba. Su suka zaɓi jirtig, inda ake zaunar da ango da amarya a kan gado mai jan shimfiɗa, habboba ta ɗaura musu jan zaren alharini a hannu, a shafa musu sandal a ka, a yi musu addu'a, su fesa wa juna madara. A falon gidansu aka yi, ba a kama ɗakin taro ba. An sa mini lalle a hannu, abokaina suka yi ta tsiya, alhali a wasu garuruwanmu ma da can ana sa wa ango lalle. Mu kuma walima muka riƙe. Annabi (SAW) ya ce wa Abdurrahman bin Auf ya yi walima ko da da akuya ɗaya ce. Rago ɗaya muka ba masu dafa mandi, matan 'yan uwa suka yi waina da miyar taushe, su suka kawo kisra da mulah, aka kama ƙaramar istiraha, wato gidan da ake haya don taro, a tsakiyar mako, don daren Alhamis da na Juma'a sun fi tsada. Mutanen gida kuma kada ka manta da su. Na aika wa Inna abin da za ta yi 'yar walima a Zariya rana ɗaya da tamu, ta kira maƙwabta, ita ma ta ji ta aurar da ɗa.

Sadaki bai ba mu wahala ba, domin mu da su duk Malikawa ne, mafi ƙarancinsa rubu'in dinari. Amma ka karanta takardar kafin ka amince. Akwai gurbin abin da aka biya nan take, akwai na ajalan, kuma na ajalan bashi ne a wuyanka, ba ado ba. Akwai kuma gurbin sharuɗɗa: aikinta, karatunta, inda za ta zauna. Nan ne ya kamata ku yi maganar da masoya ke gudu, wato in aiki ya ƙare aka buga maka bizar fita ta ƙarshe daga ƙasar, ina za ku nufa? Tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya ba matar ɗan Nijeriya damar neman zama 'yar ƙasa ta hanyar rajista, amma bai ba mijin 'yar Nijeriya wannan damar ba. 'Yan uwana mata masu shirin auren baƙo, ku riƙe wannan.

Kuɗin da ka tsira da shi a biki yana da wurin zuwa. In matarka ta dawo ƙarƙashin iƙamarka, akwai harajin iyali da aka fara a Yulin 2017 da riyal 100 a wata kan kowane mutum, ya kai 400 tun 2020. Riyal 4,800 ke nan a shekara kanta ita kaɗai, kafin haya da inshorar lafiya, kafin a haihu. Ka kuma tambayi wurin aikinka ko sana'ar da ke rubuce a iƙamarka ta ba ka damar ɗaukar iyali.

Da takardar aure ta fito, ka kai a buga mata hatimin Ma'aikatar Harkokin Waje, ka sa ofishin fassara mai lasisi ya mayar da ita Turanci, sannan ka kai ƙaramin ofishin jakadancin Nijeriya da ke Jidda, ko babban da ke Riyad, ita ma ku kai na ƙasarsu. Ka duba yadda aka rubuta sunanka harafi bayan harafi, ya dace da na fasfo, don Larabci da boko sukan saɓa a sunaye irin su Usman da Abubakar, kuma da wannan takarda za a yi wa 'ya'yanku fasfo.