Darasi na Bakwai: Shirya Mota don Hawan Dutse da Tafiyar Kwalta

Motar da ke ɗauko lemu daga lambunan Timiya, a cikin duwatsun Abzin, sai ta ratsa ƙoramu da hanya mai tsakuwa da manyan duwatsu kafin ta iso Agadas, daga nan kuma ta hau kwalta ta nufi Damagaram. Land Cruiser tana cikin motocin da ke wannan aiki, irin samfurin 70 da kamfanin Toyota ya fara fitarwa a 1984. A Amurka, a wurare kamar Mowab da ke jihar Yuta, hawan dutse da mota wasa ne, har wasu kan ɗora motar a kan tirela su kai ta gindin dutsen. Mai mota guda da yake neman abinci da ita ba shi da wannan gata, don haka dole ne ya san cewa duk gyaran da ya ƙara wa mota ƙarfi a kan dutse yana rage mata wani abu a kan kwalta.

Mu fara da taya. A tsakanin tayoyin baya akwai wata tukunyar ƙarfe da ake kira difarenshal, wadda ke raba ƙarfin inji ga tayoyin biyu, kuma ita ce dutse ya fi saurin samu domin ta fi kusa da ƙasa. Ɗaga jikin mota da dogon sifirin ba ya ɗaga wannan tukunya ko kaɗan, babbar taya ce kawai ke yin haka. Idan aka cire taya mai tsayin inci 31 aka sa mai inci 33, tukunyar za ta tashi da inci 1, wato rabin bambancin. Amma babbar taya tana ƙara shan mai, tana wahalar da burki, sannan tana sa agogon gudu ya yi ƙarya: allura tana kan 100, alhali motar tana gudun kusan kilomita 106 a awa.

Ɗaga jiki kuwa, santimita 5 ya wadatar ga motar aiki, tare da sababbin shokazoba masu tsawon da ya dace. Abin da ya wuce haka ado ne mai tsada, domin motar da aka ɗaga sosai tana saurin kifewa a kwana, balle an jibga mata jarkokin mai a bisa. Kaya masu nauyi a ƙasa ake shirya su, a tsakanin tayoyi. Kuɗin da ya rage gara a kai wa mai walda ya sa faranti mai kauri a ƙarƙashin inji da tankin mai, amma a ɗaure shi da noti, don a iya kwance shi ranar juye.

Gyara mafi amfani ba ya cin ko sisi, wato sarrafa iskar taya. Kafin a shiga duwatsu, direba ya tsuguna da geji a hannu, ya danna bakin bawul, ya rage kamar kashi ɗaya cikin uku na iskar, misali daga 36 zuwa 24. Zai ga cikin tayar ya ɗan baje a ƙasa, kuma idan ta hau dutse za ta rungume shi kamar tafin raƙumi maimakon ta yi tsalle. Kada a zarce, domin tayar da ta yi laushi ƙwarai tana iya zamewa daga kan rim, ko gefen dutse ya yanke ta. Da zarar an dawo kwalta, wajibi ne a mayar da iskar zuwa adadin da kamfani ya rubuta. Taya mai ƙarancin iska tana ɗaukar zafi idan ana gudu, har ta fashe, musamman da rana tsaka a lokacin bazara. Saboda haka famfon iska mai aiki da batir ya zama cikin kayan mota, domin babu mai faci a bakin kowace ƙorama.

Haka ma ƙaramin sandan giya, wanda da shi ake zaɓar ko tayoyi biyu ko huɗu za su ja motar. A kan dutse ana sa shi a L4, motar ta riƙa jan ciki a hankali, tayoyi huɗu suna ja, ƙafa kuma ta bar kuloci. A kan busasshiyar kwalta ana mayar da shi H2, inda tayoyin baya kawai ke ja. Wanda ya manta zai ji sitiyari ya yi tauri a kwana, domin tayoyin gaba da na baya an ɗaure su wuri guda alhali tafiyarsu ba ɗaya ba ce, kuma firofela da giya ne ke biyan kuɗin. Makullin difarenshal, wanda ke tilasta wa tayar hagu da ta dama su juya tare, ga motar da ke da shi, a wurin da taya ɗaya ta rataye a sama ake kunna shi, a kashe shi da an wuce.

Aikin yi: Ku duba jikin ƙofar direba ko littafin wata mota, ku rubuta adadin iskar tayoyin gaba da na baya. Sannan ku lissafa: idan iskar kwalta 42 ce, nawa za ta koma bayan an rage kashi ɗaya cikin uku?