Ku rataye panettone a kife bayan gashi

'Yan uwa masu yin panettone, burodin Kirsimeti na birnin Milan, musamman masu niyyar shiga gasar masu gashi a gida, ga shawarata.

Da zarar kun fitar da shi daga oben, ku soka dogayen tsinkaye biyu ta kusa da gindinsa, su ratsa takardar da aka gasa shi a ciki, sannan ku kifa shi ku rataye tsakanin kujeru biyu har ya kwana.

Dalili shi ne ƙullun yana ɗauke da man shanu mai yawa da gwaiduwar ƙwai da zabibi da ɓawon lemu, don haka cikinsa yana da laushi ƙwarai muddin yana da zafi. Idan aka bar shi a tsaye, nauyinsa zai danne shi, kan nan mai tudu ya lotsa, wahalar kwana biyu ta tafi a banza. A kife kuwa, ramukan iskar da ke ciki suna zama a buɗe har man ya daskare.

Ba sai kun sayi ƙarafa na musamman ba, tsinken tsire na gora ya isa ga mai giram 500. Mai kilo 1 yana bukatar na ƙarfe.

Dabarar ba ta aiki idan cikin bai nuna ba, domin zai zame daga takardar ya faɗo. Ku auna tsakiyarsa tukuna, ya kai kimanin digiri 94 a ma'aunin Celsius, kuma kada ku jinkirta kifawar.