Darasi na 9: Sabawa da na'urar numfashi ta masu minshari

Wannan darasin na waɗanda likita ya rubuta wa na'urar nan ne ta sawa a hanci lokacin barci, da kuma matansu ko mazajensu, don gaskiya wanda yake kwana kusa da mai minshari ya fi shi sanin halin da ake ciki. Ku karanta a hankali, inda kuka ga lamba ku tsaya ku rubuta ta a littafinku.

Ba kowane minshari ne ciwo ba. Wanda muke magana a kai shi ne wanda mutum yana cikin jan minsharinsa sai ka ji ɗif, shiru, kamar an ɗauke wuta, ƙirji yana ta kokawa amma iska ba ta shiga, can sai ya yi wani gurnani ya fizgo numfashi ya ci gaba. Abin da ke faruwa shi ne idan barci ya yi nisa naman maƙogwaro da gindin harshe suna saki, a wasu mutanen sai su faɗa baya su toshe hanyar iska, kamar tiyon ban ruwa idan an taka shi. Idan ɗaukewar ta kai daƙiƙa 10 ko fiye likitoci suna ƙirga ta, a gwajin barci suna duba sau nawa take faruwa a awa ɗaya. Daga 5 zuwa 14 matsalar ƙarama ce, 15 zuwa 29 matsakaiciya, 30 zuwa sama kuwa ta yi tsanani. To ku yi lissafi, mai 30 a awa idan ya kwanta awa 7 sau 210 kenan ƙwaƙwalwarsa ta zaburar da shi a dare ɗaya, shi kuma bai ma sani ba, sai dai ya tashi da ciwon kai da bushewar baki, ya yi ta zaryar fitsari da dare, ya yi gyangyaɗi ana huɗuba, hawan jininsa kuma ya ƙi jin magani.

Na'urar sunanta CPAP, da bakinmu sifaf. Wani likita ne a birnin Sidni na ƙasar Ostareliya, Colin Sullivan, ya fara gwada ta a kan maras lafiya a 1980, kuma ta farkon da injin tsotse ƙura aka haɗa ta, aka juya shi ya koma hura iska. Ku lura da kyau, ba oksijin ba ce, don mutane da sun ga tiyo a fuskar mutum sai a fara salati ana cewa jiki ya yi tsanani. Iskar ɗakinka ce kawai take ja ta tace ta turo maka da ɗan ƙarfi don maƙogwaron ya tsaya a buɗe. Ƙarfin iskar yana da lamba, yawanci tsakanin 4 da 20, likita ne yake saita wa kowa tasa, kada ka ce ta maƙwabcinka 8 ce bari ka mayar da taka 8.

Akwai wani dattijo da muka yi aji da shi, tsohon direban babbar mota, 'ya'yansa ne suka haɗa kuɗi suka saya masa. Daren farko minti 20 bai cika ba ya fizge takunkumin, wato robar da ake ɗaurawa a fuska iskar ta shigo ta ciki, ya jefar, washegari ya mayar da komai cikin kwali ya ɗora kan wadirof, ya yi wajen wata biyu a can. Uwargidansa ce ta gaji ta ce masa, “Malam, yaran nan fa ba tsintar kuɗin suka yi ba, ni kuma wallahi na gaji da zama ina gadin numfashinka, kullum sai na zungure ka nake samun kwanciyar hankali.” Ya ce, “Hajiya ba za ki gane ba, abin nan iska yake fesa min a ido kamar na leƙo kai ta tagar mota, na ɗaure shi tamau ya ci min karan hanci.” Da suka koma asibiti ashe maganar duk ta gemu ce, an ba shi babban takunkumi mai rufe hanci da baki, shi kuma gemunsa da gashin bakinsa cike suke, robar ba ta kama fata ba sai iska ta riƙa tsere wa ta gefe. Aka canja masa da ƙaramin nan mai 'yan kawuna biyu da ke zama a ƙofar hanci kawai, shikenan, bai aske ko gashi ɗaya ba. Na kawo labarinsa ne don yawancin masu ajiye na'urar nan irin wannan ƙaramin abin ne yake korar su, takunkumi bai dace ba ko hanci ya bushe ko matsalar wutar lantarki, amma sai mutum ya yi shiru ya ce jikinsa ne bai karɓa ba.

Takunkumin iri uku ne, mai rufe hanci kaɗai, da mai kawuna biyu na ƙofar hanci, da babba mai haɗa hanci da baki wanda ya fi dacewa da mai barci baki buɗe ko mai yawan toshewar hanci. Kowanne yana da ƙarami da matsakaici da babba kamar takalmi, saboda haka a gwada maka kafin ka biya, kuma a kwance za ka gwada, don fuska a kwance daban take da a zaune.

Kada ka fara da dare. Wannan ita ce shawarar da na fi so ku riƙe a duk darasin. Dare lokacin gajiya ne da duhu, ga zafi ga sauro, sabon abu a fuska ba zai yi daɗi ba. Ka fara da rana kana zaune kana jin labarai a rediyo, ka riƙe takunkumin da hannu a kan hancinka ba igiya ba tiyo, minti 10 ya isa. Gobe ka ɗaura igiyar. Jibi ka jona tiyo ka kunna, ka zauna da ita rabin awa kana kallo ko kana jan carbi, za ka ji fitar da numfashi yana maka ɗan nauyi kamar kana hura balan-balan, haka yake ga kowa, kada ka yi kokawa da iskar, ka rufe baki ka shaƙa ta hanci ka sake a hankali, bayan 'yan mintuna jiki yana daina lura. Daga nan sai barcin rana, sannan dare. Wani kwana uku ya saba, wani sai ya yi wata guda yana tashi ya tarar da takunkumin a ƙasan gado bai san lokacin da ya cire ba, idan haka ta faru ka ɗauka ka mayar kawai ka koma barci, ba laifi ka yi ba.

Yawancin na'urorin suna da wani tsari da aka rubuta Ramp a kansa, aikinsa ya fara maka da iska kaɗan ya riƙa ƙarawa sannu a hankali har barci ya ɗauke ka. Idan kuma akasin haka kake ji, wato iskar farko ta yi maka kaɗan kamar ana shaƙe ka, ka gaya wa likita ya ɗaga lambar farawa. Sannan ka gama hirarka da iyali, ka yi addu'o'in barcinka ka tofa ka shafa kafin ka sa, don da takunkumin hanci idan ka buɗe baki za ka yi magana iska ce za ta riƙa fitowa ta bakin, muryarka ta koma wata iri, yara su yi ta dariya.

Maganar ɗauri, mutane suna ganin idan iska na zuba maganinta a ƙara ja, alhali robar an yi ta ne iska ta ɗan kumbura ta ta manne da fata, idan ka matse ta da yawa sai ta lanƙwashe zubar ta ƙaru, ga ciwo a karan hanci. Ka bar yatsa ya iya shiga ƙarƙashin igiyar. Idan ka ji zuba ka ɗan janyo takunkumin gaba ka sake shi ya zauna da kansa. A wanke fuska kafin a sa, kada a shafa basilin ko man shafawa mai maiƙo, yana sa santsi kuma yana cinye robar, mata masu shafe-shafen dare sai a yi haƙuri a bar wajen hanci, igiyar kuma ana iya ɗora ta a kan siririn ɗankwali don kada ta ci kitso. Akwai wasu 'yan ƙananan huduji a gaban takunkumin da iska ke fita ta ciki kullum, ba lalacewa ba ce, ta nan numfashin da ka fitar yake fita, kada wanda ya liƙe su da salatif ko ya rufe su da bargo. Idan iskar tana damun abokin kwana a sa filo a tsakani ko a juya.

Bushewar hanci da maƙogwaro ita ce kukan kowa, balle da hunturu. Don haka ne aka yi wa na'urar ɗan tankin ruwa da ke jiƙa iskar. Ruwan da ya fi shi ne tataccen ruwan da ake samu a kemis, wanda ake ce wa distil, idan babu a tafasa ruwa mai tsabta a bar shi ya huce, sai dai zai riƙa barin farin gishiri a gindin tankin, a jiƙa shi da ruwan khal a ɗauraye. Ruwan batir na wajen masu gyaran mota kuwa kada a kuskura, wani an gauraya shi da asid, huhunka za ka tura wa. Kada a ɗiga turare ko man zafi a ciki. A zubar da ragowar ruwan kowace safiya, kuma kada a ɗaga na'urar da ruwa a ciki don yana iya gangarawa cikin injin. Idan bakinka ne yake bushewa kamar ka ci garin kwaki to buɗe shi kake yi cikin barci, akwai maɗaurin haɓa, ko a koma babban takunkumi. Mai tashi da kumburin ciki da gyatsa iska yake haɗiya, ya ɗan ɗaga kansa da filo ya kuma gaya wa likita, wataƙila a rage ƙarfin.

Sai babbar magana, wuta. Idan NEPA ta ɗauke kana barci na'urar za ta tsaya, za ka ji numfashi ya yi nauyi ka farka, sai ka cire takunkumin ka kwanta ta gefe, kwanciyar rigingine ita ta fi toshe maƙogwaro. Mai inbata ko sola ya sani injin shi kaɗai ba ya cin wuta sosai, abin ɗumama ruwan tankin ne mai ci, idan batir ba shi da ƙarfi a kashe ɗumamar sai ya kai ka asuba. Wasu na'urorin suna aiki kai tsaye da batir amma da wayarsu ta musamman, kada a ba mai gyaran rediyo ya yanke waya ya jona da ka. Janareto kuma a nisanta shi da taga, hayaƙinsa kisa yake yi ko ba na'ura, balle ga abin da ke zuƙo iskar ɗaki yana ɗura maka. Haka turaren wuta da maganin sauro na kunnawa da fiya-fiya, duk abin da ke cikin iskar ɗakin hancinka zai je, a bari ɗaki ya sha iska tukuna, gidan sauro ya fi, tiyon sai a shigo da shi ta ƙasan ragar.

A bayan na'urar ko a gefenta akwai ɗan farin filta, da hunturu kowane mako a duba, idan ya koma ruwan ƙasa a canja. Kada a ajiye ta a ƙasa, a samu ɗan tebur ko kujera 'yar tsugunno, da rana a rufe ta da ƙyalle. Robar takunkumi a wanke ta kullum da ruwan ɗumi da sabulu marar ƙamshi, tiyo da tanki da igiya sau ɗaya a mako, a shanya a inuwa, ban da bilic.

Wanda zai sayi ta hannu ya yi hattara. A watan Yuni na 2021 kamfanin Philips ya janye miliyoyin na'urorinsa, har da samfurin DreamStation na farko, saboda soson rage ƙara da ke ciki yana rududdugewa, zafi da laima kuma suna ƙara lalata shi, ka ga mu nan zafi ba sai an faɗa ba. Irin waɗannan suna iya biyo kayan gwanjo, saboda haka a kai wa likita ya duba kafin a biya, takunkumi da tiyo kuwa sababbi za a saya.

Likitoci sukan ce mafi ƙaranci awa 4 a dare, a kashi 70 cikin 100 na darare, wato dare 21 a cikin 30. Wannan na masu farawa ne, abin da ake so duk lokacin da za ka yi barci tana fuskarka. Inda mutanenmu suka fi yin sakaci shi ne bayan sallar asuba, mutum ya dawo daga masallaci ya ce ai ɗan kishingiɗa zan yi, alhali barcin mafarki ya fi yawa a ƙarshen dare zuwa safiya kuma a cikinsa ne naman maƙogwaro ya fi saki, to a mayar da ita. Kuma kamar tabarau take, daren da ka ajiye ta minsharin zai dawo, tafiya ma da ita ake yi. Maganin barci kada a sha sai likita ya sani, direba kuma idan har yanzu yana gyangyaɗi da rana ya ajiye makulli ya koma asibiti.

Aikin gida: ku ja layi huɗu a shafi guda na littafinku. A na farko ku rubuta kwanan wata, na biyu awa nawa aka yi da na'ura, za ku ga lambar a fuskarta da safe, na uku abin da ya dame ku da kalma ɗaya ko biyu, misali zuba, bushewa, wuta, kumburi, na huɗu kuma na abokin kwana ne, ya rubuta ko ya ji minshari ko bai ji ba. Ku cika na kwana 14, ranar komawa asibiti ku tafi da littafin tare da na'urar da takunkumin gaba ɗaya. Wanda ba shi da na'ura ya cika wa wani a gidansu ko a unguwa, mako mai zuwa kowa zai karanta mana layi biyu daga nasa.