Yadda na gyara kek ɗin tukunya da ke ƙonewa a ƙasa

Sati uku ina fama da kek ɗin tukunya: ƙasan ya ƙone baƙi ƙirin, tsakiyar kuma ɗanya shakaf, ta lotsa. Da farko fulawa na zarga, na canza. Na rage ƙwai daga 6 zuwa 4, na sayo sabuwar bekin foda. Duk a banza.

Ashe matsalar wuta ce. Gwangwanin yana zaune ne a kan yashi mai zafi, saman kuwa zafi ba ya kai masa.

Sai na zuba yashi kaurin yatsu uku a tukunya, na rufe, na bar shi ya yi zafi minti 15. Na jera ƙananan duwatsu uku a kan yashin, na ɗora gwangwanin a kansu. Ƙullun ma rabin gwangwani na zuba, da can har baki nake cikawa. Na kwashe rabin garwashin ƙasa, na baza shi a kan murfi. Ban buɗe ba sai bayan minti 35, duk da raina yana ta son in leƙa. Na soka tsinke a tsakiya, ya fito a bushe.

Alhamdulillahi, Allah ya saka wa maƙwabciyata da ta ce in sa wuta a murfi.