Ɓarawo ya fasa gilashi ɗaya, mai mota ya ƙarasa sauran

Ɓarawon da ya hango jaka a kujerar baya ba ya taɓa gilashin gaba, don wancan ninki biyu ne da roba a tsakani, ko an doke shi tsagewa yake yi ya tsaya a wurinsa. Na gefe yake nufa, wanda aka gasa da wuta, bugu ɗaya ya zube kamar tsakuwa. A bakin kasuwar Wadata ta Yamai ko ƙofar gidan biki, kafin ka juyo an gama. Iyakar ɓarnarsa ke nan. Amma motar da ke isowa garaji bayan sati uku ba gilashi kaɗai take nema ba: injin ɗaga gilashi ya ci, fenti ya ɓare, ƙofa na ƙara kamar an zuba tsakuwa a gwangwani. Wannan duk aikin mai mota ne da yaron da ya bai wa gyara, kuma kurakuran ba sa canzawa, har baki ya gaji da faɗa.

Na farko ana yin sa ne tun a wurin. Mutum ya tarar da ɓarna, ransa a ɓace, sai ya danna madannin gilashin wai ya ji ko inji na aiki. Kar ka taɓa shi. Rabin gilashin nan cikin ƙofa ya zuba, yana kan dogon ƙarfen da injin ke bi, yana cikin haƙora ko igiyar waya. Dannawa ɗaya ta isa ta tsinke igiyar ko ta cinye haƙorin roba. Danna makullin gilasan baya da ke wajen direba, don yara ma kar su taɓa.

Kada a share kafin a ɗauki hoto, daga waje da daga ciki, sannan a je kwamisariya a karɓi takarda. Wanda asiransinsa na dole ne kawai, wanda ke biyan ɓarnar da ka yi wa wani, ba abin da zai samu. Wanda kuwa kwangilarsa ke da sashen fashewar gilashi, wanda ake rubutawa bris de glace, ya san akwai wa'adi: dokar CIMA da kamfanonin asiransi ke bi ta ba da kwana 5 na aiki don kai rahoto, in kuma sata ce awa 48. Mutane da yawa sai sun gyara sun yar da shaida suke tunawa.

Sai rufe ramin. Sikoci mai ruwan ƙasa na ɗaure kwali shi ne abin da hannu ke fara kaiwa gare shi, shi ne kuma ke ɓata fenti. A ranar Yamai ta Afrilu da Mayu, da zafi ke wuce digiri 40, ƙarfen mota ya fi haka nesa, gam ɗin na narkewa ya kama jikin fenti cikin kwana biyu. In an zo ɓarewa ya taho da sheƙi, sai kuma a bi sauran da fetur a ƙara ɓatawa. Ni abin da nake yi, leda mai kauri wadda ake ganin waje ta cikinta nake ratayawa ta saman ƙofa, in rufe ƙofar a kanta ta danne, sannan in manne gefuna daga ciki da sikocin takarda na masu fenti. Kwali ban yarda da shi ba, yana tare wa direba gani, ruwa ɗaya kuma ya zama fate.

Wajen saye, kalmar "gilashin Corolla na baya" ba ta isa ba. Motocinmu na hannu ne, ta Lome da Kwatano suka shigo, wata daga Amurka wata daga Turai, suna ɗaya shekara ɗaya amma jiki daban. Ka tafi da lambar jikin mota mai harafi da lamba 17 da ke kan kart giriz, wato takardar mallakar mota. Farkonta ma na faɗa maka asali: J Japan ce, 1 ko 4 ko 5 Amurka, 2 Kanada, Toyota mai SB1 Ingila, mai VNK Faransa. Ka faɗi hagu ne ko dama, mai but ce ko mai dogon baya, kuma wane gilashi cikin ukun da ke baya: babban da ke sauka, ƙaramin mai kusurwa uku da ke cikin ƙofa, ko wanda ke manne a jikin mota bayan ƙofa, wanda ake ce wa kustod. Wani abin haushi, ɓarayi sun fi son ƙaramin, alhali sau da yawa shi ya fi wuyar samu a kasuwar Katako da wajen masu kayan mota na hannu, don wajen cire shi daga matacciyar mota yake fashewa.

Ɗauki hoton tambarin da ke kusurwar gilashin ɗaya gefen ka gwada. Na ƙwarai yana da harafin E cikin da'ira tare da 43R, ko DOT da AS2 in na Amurka ne. In ka ga AS3, ko harafin V kusa da da'irar, gilashin mai duhu ne daga kamfani, duhun a jikinsa yake ba leda aka manna ba, kuma fari ba zai taɓa zama daidai da ɗan'uwansa ba. Bi bakinsa da ɗan yatsa kaf. Ƙarfin gasasshen gilashi a fuskarsa yake, rauninsa a baki, ɗan ɓantare kamar ƙwayar gero ya isa ya tarwatsa shi wata rana a rami ɗaya. Mutanen Tawa da ake aiko wa da gilashi ta bas daga Yamai, tafiyar sama da kilomita 500, ko daga Ƙonni, su ce a naɗe baki da kwali a tsayar da shi tsaye. Kwance a ƙarƙashin buhuna ba ya isowa.

Akwai kuma masu wayo, waɗanda ke zuwa wajen mai yanka gilashin tagar gida a yanka musu 4 ko 5 milimita. Haba Alhaji! Gilashin gida shimfiɗaɗɗe ne, na mota yana da lanƙwasa, ba zai hau hanya ba sai an danne shi, kuma ranar da ya fashe ba tsakuwa yake zama ba, wuƙaƙe ne masu tsawon tafin hannu. Su wa ke zama a kujerar baya? Yaranka da uwarsu. Wanda ya yi maka wannan aikin ba sauƙi ya yi maka ba. Haka wanda ya ce zai rage bakin gilashin wata mota da injin gurza ƙarfe har ya shiga taka: gasasshen gilashi ba a yanka shi, ba a huda shi, a hannunsa zai tashi.

Yanzu ga inda aka fi yin asara, kuma shi ne aikin da ba mai son yi don ba a ganinsa. Yaro zai share kujera, ya zura sabon gilashi, ya rufe ƙofa, ya karɓi kuɗi cikin rabin awa, mai mota na murna an yi sauri. Ɓarɓashin da ke cikin ƙofa fa? Yana nan, cikin tafin hannu biyu ko uku. Wanda ya maƙale cikin robar da gilashi ke bi zai zana wa sabon gilashin layi daga sama zuwa ƙasa tun satin farko, layin nan kuwa ba ya gogewa. Wanda ya faɗa cikin makullin ƙofa wata rana zai hana ta buɗuwa. Wanda ya taru a ƙasa shi ne mafi sharri. Kowace ƙofar mota ruwa na shiga cikinta, haka aka yi ta, shi ya sa aka bar ramuka biyu ko uku a ƙasa ya fita. Ɓarɓashi ya haɗu da jar ƙurar Yamai ya toshe su, damina ta sauka a Yuni, ruwa ya kwanta a ciki har Satumba, sai ka ga fenti na kumbura a ƙasan ƙofa. Nan kuma maganar mai walda ce da mai fenti, kuɗin gilashi ya zama wasa.

Don haka sai an buɗe ƙofar, ba wata dabara. Kusoshin marfin ciki suna ɓoye a bayan hannun buɗewa da cikin madogarar hannu. Mai gilashin juyawa da hannu akwai ɗan lanƙwasasshen ƙarfe a bayan marikin, tsumma ake zurawa a ja shi ya fito, a lura kar ya yi tsalle ya ɓace. Maɓallan roba da ke riƙe marfin zafi ya gasa su, dole wasu su karye, shi ya sa nake sa a sayo 10 kafin a fara. In sun saki, sama ake ɗaga marfin, ba a fizgo shi, sannan a zare wayar madanni. Ledar da ke bayansa a ɓare ta a hankali da baƙin gam ɗinta a ajiye. Yaran garaji na yaga ta su yar wai ba ta da amfani, alhali ita ke hana ruwa jiƙa marfi da lasifika, ita ke tare ƙura. In ta yage a yanka wata mai kauri a mayar.

Zuƙa ake yi, ba hurawa ba. Mai iskar taya zai ce a kawo ya hure, to ya watsa ɓarɓashi cikin ramukan kilim mai sanyaya mota, cikin injin bel na kujera, cikin idon wanda ke tsaye. A sa siririn tiyo a bakin injin zuƙar ƙura a bi ƙasan ƙofa lungu-lungu, ana bubbuga ta da tafin hannu. A zare robar hanyar gilashi gaba ɗaya a wanke da ruwan sabulu da tsohon buroshin haƙori, haka ta bakin taga. A zura waya a ramukan ƙasa. Gwajina ɗaya ne: a girgiza ƙofar da ƙarfi, in kunne ya ji ko ƙwaya ɗaya, ba a gama ba. Kujerar baya kuma cire ta ake yi ɗungum, a duba cikin makullan bel. Safar hannu da tabarau, ba sai an faɗa ba.

Sakawar kanta ba ta da wuya in an yi waccan. A yawancin Toyota sai an kwance tsayayyen ƙarfen da ya raba babban gilashi da ƙarami, kusa ɗaya a sama ƙarƙashin roba, ɗaya a ƙasa da kile mai lamba 10. Gilashin a karkace yake shiga. Da yawansu suna zaune ne cikin wani kwaroron ƙarfe mai roba a gindi, kuma na hannu wani lokaci ba ya zuwa da nasa, sai an ɗauko na tsohon. Nan ake kuskure: a dasa shi ido-ido, ya goce da yatsa ɗaya, gilashi ya riƙa hawa a karkace. A auna nisan daga baki a kan na ɗaya ƙofar ko a kan shatin da tsohon ya bari, a jiƙa robar da ruwan sabulu, a buga da katako a hankali. Kusoshi a bar su sako-sako, a ɗaga gilashi har sama ya zauna da kansa, sannan a ɗaure. A hau a sauka sau 5 ko 6 kafin a mayar da marfi. Giris a cikin robar hanya haramun ne a garin ƙura, wata ɗaya ya zama taɓo.

Kustod mai manne nasa karatun daban ne, kuma nan silikon ya gama da motoci. Silikon na bayi da taga, mai warin tsami, ba gam ɗin mota ba ne. Tsamin nan yana cin ƙarfe duk inda fenti ya kurje, ba ya da ƙarfin riƙe gilashi a hanyar da ke da ramuka, sannan duk inda ya taɓa, gam ɗin gaskiya ba zai sake kamawa ba sai an kankare har ƙasa. Mai silikon ya ɓata aikin yau ya ɓata na wanda zai gyara bayansa. Abin da ake so poliyuretan ne na gilashin mota, irin su SikaTack, Betaseal ko Teroson, kwalba ɗaya ta wajen mililita 300 ta ishi kustod har da saura, tare da baƙin ruwan share fage da ake shafawa kafin gam. Duba kwanan wata a jikin kwalbar, don wadda ta shekara a shago mai rufin kwano ta riga ta fara daskarewa.

Tsohon gam ba a kankare shi har ƙarfe. A yanke shi da wuƙa a bar kaurin milimita 1 zuwa 2, sabon ya fi kama ɗan'uwansa. Inda wuƙa ta kurje fenti a shafa baƙin ruwan a bari ya bushe. A gwada gilashin ba gam tukun, a yi shaida da sikocin takarda. A yanka bakin kwalbar da tsaga mai kusurwa uku don gam ya fito da tsini, tsayi wajen milimita 10, zagaye ɗaya ba yankewa, mahaɗa a ƙasa. Ana gamawa a ɗora, don cikin zafi minti 10 ya isa ya yi fata. A inuwa nake yi, da safe. Danshin iska ke busar da wannan gam, saboda haka a hunturu, da iska ta bushe ƙayau, ya fi daɗewa, ni kwana guda nake ba shi kafin mota ta hau hanyar ƙasa, wanki kuma sai bayan kwana biyu. A bar wani gilashi a ɗan buɗe, in ba haka ba bugun ƙofa ɗaya iska ta turo shi waje. Motar da ke da jakar iska a gefen rufi, a cire kan batir kafin a taɓa marfin ginshiƙin baya.

Sauran ƙanana ne. In gilashi ya daina hawa da dannawa ɗaya bayan an cire batir, ba lalacewa ya yi ba, a ɗaga shi har sama a riƙe madannin na 'yan daƙiƙu, a yawancin motoci yana komawa. Wanda ya manna leda mai duhu ya bar gilashin a rufe kwana uku. Kafin a biya kuɗin aiki a zuba ruwa buta biyu a kan tagar daga waje, mutum ɗaya na ciki yana kallo, ɗaya ya durƙusa ya ga ruwan na fita ta ramukan ƙasa.