Yadda za ka gane zamanin Porsche 911 da ido kawai

Matsalar 911 ita ce tun 1963 da aka fara nuna ta a bajekolin motoci na Frankfurt har yau surarta kusan ɗaya ce, shi ya sa mutum zai ga hoton ta 1988 ya rantse ta 1965 ce. Ferdinand Alexander Porsche ne ya zana ta, jikan wanda ya ƙera Volkswagen ƙirar kunkuru, kuma da farko ma 901 aka sa mata sai Peugeot suka ce lamba uku mai sifili a tsakiya tasu ce, dole aka canza.

To da farko zagaya baya ka buɗe murfin inji, don a can injin yake, gaba but ne. In ka ga ƙatuwar fanka da bel tana kallonka to iska ce ke sanyaya ta kamar kunkurun da muka sani, babu lagireto babu zuba ruwa, silinda 6 ne a kwance uku dama uku hagu. Wannan kaɗai ya gaya maka ba ta wuce 1998 ba, daga ƙirar 996 ne aka koma ruwa (kowane zamanin 911 yana da lamba ko harafin da ake kiransa da shi). In kuma silinda 4 ka ƙirga to ba 911 ba ce, ƙanwarta ce 912.

Na biyu bamba, kuma ni a ganina nan ne maganar take. In siririya ce, da ƙarfe mai ƙyalli a jiki, bonet ɗin kuma ya sauko har kusa da ita, wannan ta farkon ce, 1964 zuwa 1973, wadda ta fara da injin lita 2 mai ƙarfin doki 130. In ka ga bamba mai kauri da baƙar roba mai ninki-ninki a gefenta, to G ce, 1974 zuwa 1989. Ba don ado aka yi ba, dokar Amurka ce ta ce dole mota ta jure karo a gudun mil 5 a awa ba tare da fitilu sun lalace ba, robar nan ita ke ba bambar damar matsawa ta dawo. In kuwa bambar ta haɗe da jiki kala ɗaya sumul, ka shigo 964 ke nan ta 1989, wadda aka sa wa birkin ABS mai hana taya ƙullewa da sitiyari mai taushi. Ita 993 ta 1993 fitilunta sun ɗan kwanta baya, ita ce auta a waɗanda iska ke sanyaya injinsu.

Sai ka duba fiffiken baya. Ɗan guntu mai ɗagawa sama kamar jelar agwagwa na Carrera RS 2.7 ne, guda 1,580 kacal aka yi, don haka yawancin waɗanda za ka gani da shi liƙawa aka yi, kar a yi maka wayo. Faffaɗa mai bakin roba da ƙugun mota ya buɗe sosai, Turbo ce 930 daga 1975. Na 964 kuma ɓoye yake, sai gudu ya kai kilomita 80 ya ɗago da kansa.

Akwai wata alama da nake so sosai. In ka ga ɗan murfi a waje, bayan ƙofar dama, ta 1972 ce cif. Wurin zuba baƙin mai ne, amma masu gidan mai suka riƙa ɗura fetur a ciki suna zaton tanki ne, bayan shekara ɗaya kawai aka cire shi.

Ciki ba zai taimaka maka sosai ba gaskiya, makulli a hagun sitiyari, agogo biyar da na juyin inji a tsakiya, haka suka daɗe.

Na ƙarshe in saye za ka yi ba kallo kawai ba, kar ka tsaya kan ido, saboda yanzu ana yayin ɗaukar G ko 964 a cire bamba a sa bonet dogo ta koma kamar ta 1973, wasu masu sayarwan za su faɗa maka wasu kuma shiru. Ka nemo lambar chasis a cikin but ɗin gaba da lambar inji, ka tura wa Porsche su tabbatar maka da shekara da kalar da ta fito da ita daga masana'antarsu ta Zuffenhausen a Jamus, kafin ka biya ko sisi.