Yadda Ake Kai Kayan Agaji Ga Waɗanda Ambaliya Ta Shafa

Kada a loda mota sai an gama rubuta sunaye. Nan ne mafi yawan rabon kayan agaji ke lalacewa, ko bayan babbar ambaliya ce irin ta Jibiya a Yulin 2018, ko gidajen ƙasa goma ne suka rufta a wani ƙauyen Sandamu.

A zauna da mai unguwa, liman da wakiliyar mata, a bi gida-gida. Tukunya ake ƙirgawa, ba ƙofar gida ba, domin gida ɗaya kan ƙunshi magidanta huɗu, kowa da girkinsa. Kowace tukunya a ba ta kati mai lamba. A miƙa kwafin sunayen ga hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha (SEMA) da ƙaramar hukuma, kada ƙungiya uku su sauke kaya a gari ɗaya, maƙwabtansu ko tiya ba su gani ba.

Lissafin hatsi: mutum ɗaya na buƙatar kusan giram 400 a rana. Iyali mai mutum 7 zai ci kilo 84 a wata, wato kusan tiya 34. A haɗa da wake, man girki da gishiri. Ruwa kuwa, aƙalla lita 15 ga kowane mutum a rana, tunda rijiyoyi sun gauraye da ruwan masai. Gidan sauro da tabarma sun fi taliya amfani a makon farko.

Tirela tana ɗaukar buhu 600 masu kilo 50, amma iyakarta kwalta. A watan Agusta hanyar burji takan riƙe ta har kwana biyu. A sauke a Daura ko Katsina, a raba wa ƙananan motoci, inda laka ta yi yawa a nemi amalanken shanu. Kowane direba ya sa hannu kan adadin buhunan da ya ɗauka, a sake ƙirgawa a gabansa wajen saukewa.

A wurin ajiya, yawanci ajin firamare, a shimfiɗa katako, buhu kada ya taɓa ƙasa ko bango, in ba haka ba cikin kwanaki masara ta yi fumfuna. Sabulu da kananzir ɗakinsu daban, shinkafa na saurin ɗaukar wari.

Ranar rabo a fara da sassafe, a kauce wa ranar kasuwa. Ƙofar shiga daban, ta fita daban, layin mata daban, tsofaffi da masu juna biyu a gaba. Matar da ke takaba, a kai mata nata har gida, ta dangwala yatsa.